Kuɗin Biɗa Ba Ya Renon Yaro

Yau za mu soki wani hali namu. Halin nan shi ne yadda muke yi da yaran da iyayensu suka tafi biɗa.

Kowa ya sani a Icirnawa, da zarar an gama kaka gari sai ya rage. Maza su nufi Kano, ko Agadas, ko Libiya. Mata da yawa su nufi Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. Ba mu zargin mai tafiya. A ƙasar Kance mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, hatsin rumbu ba ya kai wa damina. Yunwa ce ke kora mutum daga gidansa.

Ba mu kuma ce a kwashi yara a shiga sahara da su ba. Ku tuna watan Oktoba na shekarar 2013. Motoci suka lalace arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Ƙishirwa ta kashe mutum 92. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Yawancinsu mutanen yankinmu ne. Wannan darasi ya ishe mu.

To, amma yaron da aka bari gida fa? Muna cewa ya tsira, tunda yana cin tuwo wajen kakarsa. A nan kuskurenmu yake.

Kuskure na farko, tafiya a ɓoye. Uwa ta jira yaro ya yi barci, ta ɗauki ƙunshinta ta fita da asuba. Ana cewa wai don kada ya yi kuka. Ana cewa yaro bai san kome ba. Ya sani mana! Ya farka, ya duba ɗaki, ya duba bakin rijiya, babu uwa. Ya tambaya, a ce masa ta je kasuwa. Kasuwa ta ci ta watse, ba ta dawo ba. Daga ran nan ya daina yarda da maganar manya. Wani yaron ma sai ya ɗauka laifinsa ne ya kori uwarsa.

Kuskure na biyu, duka. Bayan tafiyar iyaye halin yaro yakan canja. Mai shekara bakwai ya koma fitsarin kwance. Mai surutu ya yi shiru, ya koma bayan danga shi kaɗai. Wani ya riƙa faɗa da sa'o'insa, ko ya soma ɗauke-ɗauke. Wani ya zauna a lakwal, idonsa na kan allo, hankalinsa na can hanyar Arlit. Mu kuwa sai mu ce ya lalace, mu ɗauko tsumagiya. Jama'a, wannan kewa ce. Babba in ya shiga damuwa yakan faɗa wa amininsa. Yaro bai iya faɗa da baki ba, sai ya faɗa da halinsa. In ka doke shi, ka ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Kuskure na uku, mu ce iskoki ne. Yaro ya firgita cikin dare yana kiran uwarsa, sai a nemi turare da rubutu, a kashe ɗan kuɗin da aka aiko. Addu'a abu ne mai kyau. Amma kafin a zargi iska, a tambaya: yaushe rabon yaron nan da ya ji muryar uwarsa?

Kuskure na huɗu ya fi faɗa wa ƴan mata. Yarinya mai shekara goma a cire ta daga lakwal. Ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce goyon ƙane. An mai da ita uwa, alhali ita ma uwa take nema.

Abin nan ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A shekarar 2018 wata mujallar likitoci ta Ingila, mai suna Lancet, ta haɗa bincike 111 da aka yi a kan irin waɗannan yara. Yawancin binciken a ƙasar Sin aka yi shi, inda miliyoyin manoma suke barin ƴaƴansu a ƙauye su tafi aiki birni. An gano yaran da aka bari sun fi sauran yara shiga baƙin ciki da fargaba. Sun fi rikicin hali, sun kuma fi ramewa. Kuɗin da ake aikowa bai hana haka ba.

Saboda haka, in tafiya ta zama dole, ga abin da ya kamata. Ku zaunar da yaro da rana tsaka ku gaya masa gaskiya. In zai yi kuka, ya yi a jikinku. Ku nuna masa mutum ɗaya, ku ce wannan ne zai riƙe ka. Ku sa masa lokacin da zai gane, kamar ruwan shuka ko Babbar Salla, kuma ku cika alkawari. In kun kira waya, kada maganar ta ƙare a kan kuɗi da buhun hatsi. Ku ce a ba yaro wayar, ku kira sunansa, ku tambaye shi karatu. Ku sanar da mushensa kafin ku tafi, don ya sa masa ido.

Ku kuma kakanni da gwaggonni da kuke riƙo, Allah ya saka muku. In yaro ya jiƙa tabarma, ku wanke, kada ku tara masa yara su yi masa waƙa. In ya daina cin abinci, ko ya daina barci, ko ya soma maganar mutuwa, kada ku jira. Ku kai shi gidan likita.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku karanta wannan takarda ga waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, musamman masu shirin tafiya bana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya. Amin.