Hoton Macijin Hamada: Tsakanin Haƙuri da Wasan Gardi

Cikin rassan sana'ar ɗaukar hoton namun daji, akwai wani reshe da masu shi ba su da yawa, amma hotunansa sun cika mujallu da fina-finan dabbobi. Wannan reshe shi ne ɗaukar hoton macizai masu dafi a cikin hamada. Kowa ya saba da kamannin hoton: rairayi ja, maciji a naɗe, kai a ɗage, baki a buɗe. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko haka macijin yake rayuwa, ko kuwa haka aka mayar da shi don kyamara.

Cikin wuraren da wannan sana'a ta yi kasuwa akwai hamadar Namib, a gaɓar tekun Atlantika ta ƙasar Namibiya. Daga garin Suwakofmund, motoci kan kwashi baƙi da safe zuwa tuddan rairayi, jagora na gaba yana karanta sawu a ƙasa. Wanda aka fi nema shi ne ɗan ƙaramin maciji dangin kasa, wanda masana ke kira Bitis peringueyi, aka kuma fara bayaninsa a rubuce a 1888. Tsawonsa da ƙyar yake wuce santimita 30. Idanunsa a saman kai suke, ba a gefe ba, don haka yakan girgiza jiki ya nutse cikin rairayi, ya bar idanu kaɗai a waje yana jiran ƙadangare. Idan zai yi tafiya, gefe-gefe yake yi, yana ɗaga jiki yana jefawa, sai ya bar layuka a jere, a karkace, a kan tudun. Ruwan shansa kuwa har da raɓar da hazon teku ke saukarwa a jikinsa, wadda yake lasa.

Irin wannan dabara ta ɓuya tana ga macizan wasu hamadun. A Sahara akwai maciji mai ƙaho, Cerastes cerastes, wanda ake samu tun daga Masar har arewacin Nijar, yankin Ayar da Tenere. Tsoffin Misirawa sun san shi sarai, domin siffarsa suka ɗauka suka yi harafin da ke ba da sautin "f" a rubutunsu. A hamadun Mohabe da Sonora na Amurka ma akwai mai tafiyar gefe. Dukansu halinsu ɗaya ne: su ɓuya, su yi shiru, su guji rana. Ke nan mai hoto yana fuskantar dabbar da duk rayuwarta ta ginu a kan kada a gan ta, shi kuma cinikinsa ya ginu a kan a gani.

Daga nan masu sana'ar suka rabu gida biyu. Gidan farko su ne masu haƙuri. Suna fita da sanyin safiya ko dab da faɗuwar rana, lokacin da haske ke zuwa a kwance yana fito da zanen rairayi da ɓawon jikin maciji. Suna bin sawu har inda ya yanke, su kwanta rubda ciki daga nesa, su sa gilashi mai zuƙowa, su jira. Ana iya ɓata yini a tashi da hoto ɗaya, wataƙila na idanu biyu kawai a cikin yashi. Wannan hoto ba ya tsorata kowa, amma ya faɗi gaskiyar yadda macijin yake farauta da yadda yake tsira.

Gida na biyu su ne masu gaggawa. Su sukan tono macijin da sanda mai ƙugiya, su kai shi inda haske ya yi musu, su kifa masa hula ko kwano har ya naɗe, sannan su ɗage a ɗauka. Wasu sukan tsokane shi don ya kai sara. An san kuma wata tsohuwar dabara ta sanya dabba mai sanyin jini a cikin sanyi don jikinta ya mutu ta kasa motsi. Aikinsu bai da maraba da na gardi a bakin kasuwa: abin da jama'a ke kallo ba halin macijin ba ne, wasa ne da aka shirya. Macijin da ya naɗe ya ɗaga kai ba farauta yake yi ba, a tsorace yake, yana neman a rabu da shi. Cutarwar kuma ba ta tsaya ga tsoro ba. Da rana, zafin saman rairayin Namib kan haura digiri 60, kuma macijin da aka fito da shi daga maɓoyarsa aka tsare a fili zai iya galabaita cikin ɗan lokaci.

Wannan shiri ba sabon abu ba ne. Fim ɗin kamfanin Disney mai suna The Living Desert, wanda ya fito a 1953 ya kuma ci kyautar Oska, an ɗauki da yawa daga cikinsa ne a wuraren da aka killace aka ƙawata su kamar hamada, aka haɗa dabbobi don su yi artabu. Ya koya wa masu kallo cewa hamada fagen fama ce dare da rana. Daga baya ne manyan gasanni suka tsaurara dokoki. Gasar hoton namun daji ta Gidan Tarihin Halittu na Landan ta ƙwace kyautar 2009 daga wanda ya ci ta, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hoton na gida ne, ba na daji ba. Sai dai kama mai maguɗi a hoton maciji ya fi wuya, domin babu alamar da ƙugiya ke bari a jiki.

Adalci shi ne a ce ba duk hoton da aka shirya ne yaudara ba. Ba'amurke Mark Laita, a littafinsa Serpentine na 2013, ya ɗora macizai a kan baƙin shimfiɗa don fito da launi da lanƙwasar jikinsu, kuma bai taɓa cewa a daji ya same su ba. Wanda ya faɗi yadda ya yi aikinsa bai cuci mai kallo ba. Amma ko shi sai da baƙar mamba ta sare shi a ƙafa yana cikin aikin, Allah ya yi da sauran kwanansa. Hatsarin ya fi ƙamari a hamada, inda asibiti ke da nisa. Masu gilashi mai faɗi, waɗanda ke son maciji da tudun rairayi su fito tare, dole su kusanto da kyamara dab da kansa, inda hannu ke cikin zangon sara. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin, domin yanzu wanda bai san kan maciji ba ma yana son hotonsa tare da shi.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Kyamarori da wayoyi kan adana wurin da aka ɗauki hoto, kuma ƙananan macizan kudancin Afirka suna da tsada a hannun masu fataucin dabbobi ta ɓarauniyar hanya. Shi ya sa masu lura sukan goge wannan bayani kafin su saki hoto a intanet.

To, mene ne amfanin sana'ar in an yi ta bisa ƙa'ida? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Maganin dafi ya danganta da irin macijin da ya yi saran. Manomin Kaltungo a Jihar Gombe, inda kububuwa ke kai mutane asibiti musamman da damina, da makiyayin Ayar da ke taka rairayi da dare, abin da zai amfane su shi ne hoton da ke nuna zanen baya, da siffar kai, da irin wurin da macijin ke kwanciya. Hoton buɗaɗɗen baki ba ya koya musu komai sai ƙarin tsoro, tsoron kuma shi ke sa a kashe kowane maciji, har da marasa dafi da ke rage ɓeraye a rumbu.

Saboda haka ma'aunin hoton macijin hamada ba yawan firgicin da ya jawo ba ne. A duba ko an bar dabbar inda take, ko mai hoton ya bayyana yadda ya same ta, ko kuma wanda ya kalla zai iya gane ta in ya gamu da ita a hanya. Hoton da ya kasa cika waɗannan sharuɗɗa uku, komai kyansa, bai cancanci a kira shi hoton namun daji ba.