Idon da ke Gane Saifa a Ɗigon Jini

A ƙasar Zuru, idan ruwan farko ya sauka, sabuwar ciyawa ta tsiro, makiyayi yana murna ne da rabin zuciya. Saniyar da ta dawo kiwo lafiya lau da yamma sai a wayi gari ta mutu, ciki a kumbure, baƙin jini na tsattsafowa ta hanci da dubura, jinin kuma ya ƙi daskarewa. Wani dattijo ya ce saifa ce, wani ya ce harbin daji ne. Mai raba wannan gardama shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji, kuma ni dai aikinsa yana burge ni matuƙa.

Gwanintarsa tana farawa ne daga hana a feɗe mushen. Ƙwayar saifa, wadda masana ke kira Bacillus anthracis, da zarar ta sha iska sai ta dunƙule ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta cikin ƙasa shekaru gommai, rana da fari ba sa yi mata komai. Bajamushen nan Robert Koch ne ya bayyana wannan hali nata a 1876. Saboda haka ɗigon jini kawai gwanin yake ɗauka daga kunnen dabbar, ya shafa a gilashi, ya rina da wani shuɗin rini, ya sa a madubin ƙara girma. Idan ita ce, zai ga 'yan sanduna shuɗɗa masu yankakkun baki, sun jeru kamar gaɓoɓin rake, kowace sanye da riga jaja-jaja. Wannan rigar ce ke kare ta daga garkuwar jiki.

Amma fa kama da wane ba ta wane. Ƙasar gona cike take da dangin wannan ƙwaya, siffarsu kusan ɗaya. Bacillus subtilis, wadda ke ruɓar da kalwa ta zama daddawar miyarmu, 'yar gidan ce. Akwai Bacillus thuringiensis mai kashe tsutsar amfanin gona, akwai Bacillus cereus mai ɓata ciki idan an ci shinkafar da ta daɗe a ajiye. A nan ake gane gwani. Yana duba ko ƙwayar tana motsi, don ta saifa ba ta yi. Yana duba ko tana fasa jajayen ƙwayoyin jini: cereus tana fasawa, ta saifa ba ta fasawa. Maganin fenisilin kuma galibi yana hana ta saifa yaɗo. Alama ɗaya ba ta isar masa yanke hukunci, sai sun haɗu sun yi baki ɗaya.

Ko an gane ta, da sauran tambaya: tana iya kisa? Sai ta haɗa abu biyu, dafi da waccan riga, kuma gwajin ƙwayoyin gado ne ke nuna su. Allurar rigakafin dabbobi da Max Sterne ya samar a Afirka ta Kudu ma da irin da ba shi da rigar ake yin ta.

A watan Yulin 2023, da dabbobi suka mutu a wata gona a Suleja ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ce ta tabbatar saifa ce. Vom kuwa da nisa daga Zuru. Fatana shi ne Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 ta yaye mana matasa masu irin wannan ido.

Kafin nan, ɗan'uwa makiyayi da kai mahauci, idan dabba ta faɗi farat ɗaya, kada a sa mata wuƙa, kada a ci naman, kada a sayar da fatar don ganda. A nisanta yara da sauran garke, a kira likitan dabbobi.