Aku da Musa: Riƙon Yaro a Littafin Farko na Magana Jari Ce

Masu nazarin Magana Jari Ce sun fi mai da hankali ga asalin labarun da ke ciki da kuma gwanintar harshe. Ba safai a kan tsaya a dubi dalilin da ya sa aka ba da labarun ba, alhali kuwa dalilin nan al'amari ne na uba da ɗa. Sarki Abdurrahman ya daɗe bai sami ɗa namiji ba. Da Allah ya ba shi Musa, sai son ya zama tsoro. Yaƙi ya taso tsakaninsa da Sarkin Sinari, ya fita da jikansa Mahmudu, ya bar Musa a gida, ga shi kuwa su biyun tare suka tashi. Waziri yana haƙon ran yaron don ya gaji sarauta. Musa kuma ba abin da ya ke so sai ya bi Mahmudu.

Abubakar Imam ya rubuta littafin a Zariya cikin 1936, yana da shekara 25, don a karanta a makarantu. Tsarin aku mai tsare mutum da hira ba shi ya ƙago ba. Akwai shi a Shukasaptati na Hindu, da Tutinama wanda Nahshabi ya rubuta da Farisanci cikin ƙarni na 14. A can, matar wani attajiri ce ta ke so ta fita wurin kwartonta bayan mijin ya yi tafiya, aku ya riƙa shagaltad da ita har gari ya waye. Imam ya fid da matar ya sa saurayi a gurbinta, ya fid da kwarto ya sa fagen fama. Lalle labarin kwartanci bai dace da 'yan makaranta ba, amma canjin ya wuce gyaran ladabi. Da shi ne labarin tsaron mata ya koma labarin tarbiyya.

Abin lura shi ne yadda aku ya ke bi da yaron. A Tutinama akwai wata tsuntsuwa da ta faɗa wa matar gaskiya tsirara, ta hana ta fita, nan take aka kashe ta. Aku ya ga haka ya ɗauki darasi, akun Imam kuma a wannan hanya ya ke. Ba ya ce wa Musa kul. Ya kan nuna kamar ya yarda, sa'an nan ya jefa wata magana wadda za ta sa yaron ya tambaya, da ya tambaya sai labari ya ɓarke. Watau Musa da kansa ya ke zaɓen ya tsaya, ko da ya ke bai san an shirya masa zaɓin ba. Umurnin uba da bayin da ke ƙofa ba su ne suka riƙe shi ba.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. A gidan da kunya ta ke tsakanin mahaifi da ɗa, ba a bakin uba yaro ya kan ji magana mai taushi ba. Baba ta Karo, a littafin da Mary Smith ta fitar cikin 1954, ta bayyana yadda iyaye su kan kauce wa ɗan fari, da yadda a kan ba dangi riƙon 'ya'ya. Kaka mai tatsuniya da wasa ita ce ke faɗin abin da uwa ba ta iya faɗa. Aku ya hau wannan kujera. Shi ba uba ba ne balle a ji nauyinsa, ba kuma tsara ba ne balle a raina shi.

Amma fa akwai inda dabarar ta gaza, kuma bai kamata daɗin labarun ya rufe wannan ba. Aku jinkiri ya ke saye, dare ɗaya bayan ɗaya. Kowane maraice Musa ya kan komo da niyyarsa ta jiya, ba ta ragu ba. Abin da ke cinsa a rai, wato an tafi da ɗan'uwansa an bar shi kamar bai isa namiji ba, ba wanda ya zauna ya saurara. Masu jiyyar damuwar yara a zamanin nan su ma suna aiki da labari, sai dai sun juya shi. Richard Gardner, likita a Amurka, ya bayyana wata hanya cikin 1971 inda yaro ke fara ƙago labarinsa, likita ya saurara, sa'an nan ya mai da masa da wani labarin mai mutanen nan guda amma da mafita dabam. A wurin aku baki nasa ne, kunne na Musa. Muryar uwar yaron kuwa ba a ji ta cikin wannan dambarwa ba, abin da ke da wuya ya faru a gidan gaske.

Za a iya kare Imam a ce ran yaro ne ke cikin haɗari, wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa tambayar dalili. Wannan gaskiya ne a littafi na ɗaya. Da alama kuma shi kansa ya ga giɓin, gama a littafi na uku, inda aku ya riga ya zama Waziri, ya zaunad da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana, kuma a nan ɗan yana buɗe baki ya kawo nasa labarin. Sai da aka zo kan ɗan cikinsa aku ya fara saurare.