Mai Karanta Bindiga a Jikin Hoto

Hoton ya yi shekaru a ƙasan adakar goggona a Unguwar Kanawa, har gefensa ya soma cin tsatsar ƙarfen akwatin. Kakanmu ne a tsaye cikin kaki, bindiga a dafe a gefensa na dama. A gidanmu kowa cewa yake an ɗauke shi ne lokacin yaƙin Jamus na farko, sa'ad da sojan Najeriya suka shiga Kamaru a 1914. Haka muka taso muka ji, har ranar da na kai wa wani tsohon saje, ɗan mazan jiya, wanda ke zama a bakin masallacin layinmu bayan la'asar.

Bai fara da fuskar ba. Ya gyara tabarau, ya matso da hoton kusa da hancinsa, ya ɗora farce a kan bakin bindigar.

"Ɗana, wa ya ce maka yaƙin farko?"

Na ce, "Baba, haka manya suka faɗa."

Ya ce in dubi inda katako ya ƙare. Lee-Enfield ce, babu shakka, ga ɗan gajeren gidan harsashinta mai cin goma a gaban kunama. Amma iri biyu ne suka fi yawa a hannun sojanmu. Tsohuwar, katakonta yana tafiya har baki, a rufe shi da hular ƙarfe, sai ta zama mai dungulmin hanci. Ta biyun, wadda ake kira Lamba 4, bututunta yana leƙowa gaba da katakon kamar tsawon ɗan yatsa, saitinta kuma yana can baya kusa da idon mai harbi. Ta hannun kakanmu mai leƙowa ce, ita kuwa sai a 1941 aka soma ƙera ta da yawa. Hoton ba zai girmi bindigar da ke cikinsa ba. Ashe kakanmu na zamanin Bama ne, tsaran waɗanda aka kwasa cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi Japan.

Abin da ya ƙara masa girma a idona shi ne inda ya ja birki. Na tambaye shi ko wannan ya nuna kakan ya je Bama. Ya girgiza kai. Bindiga, in ji shi, tana faɗa maka shekarar da hoto ba zai gabace ta ba, amma ba ta faɗin ƙarshe, don irin wannan ta daɗe a hannun 'yan sanda bayan soja sun ajiye ta. Sauran bayani sai a nema a hula, da igiyar hannun riga, da hatimin mai hoto a baya, in ya so a bi takardu a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa ko Gidan Arewa da ke titin Rabah.

Kaduna gari ne da ya dace da irin wannan ido. Barikin soja ya riga hedikwatar Arewa zuwa nan, ita da ta taso daga Zungeru a 1917. A 1964 aka buɗe makarantar horon hafsoshi ta NDA, a shekarar kuma aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, can ƙetaren kogi. Da wuya ka shiga tsohon gida a Kawo ko Unguwar Shanu ka rasa hoton wani da kaki. Mai sani yana rarrabe su tun daga nesa: Bren gidan harsashinta a lanƙwashe yake a sama, Sten nata ta gefen hagu yake fitowa, FN doguwa ce mai miƙaƙƙen gida na harsashi 20, Kalashinkof kuwa nata ya tanƙware kamar ayaba. Har ya koya mini cewa hannun da ake ɗana Lee-Enfield da shi a dama yake; in ka gan shi a hagu, to mai wankin hoto ne ya kifa fim ɗin.

Bindigar gargajiya kuma labarinta daban. Wanda ka gani da rawani da doguwar harba-ka-ruga, da ƙahon albarushi a rataye, ko dai maharbi ne ko ɗaya daga 'yan bindigar sarki, irin waɗanda suka cika Kaduna da hayaƙi a hawan daba na zuwan Sarauniya a 1956 da na FESTAC a 1977. Maƙeri ke ƙera ta ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba ta bayar da shekara.

Daga ƙarshe na zaro wani hoton, na yayana yana ɗan shekara shida, ranar Sallah, da sabuwar shadda da baƙin tabarau, ya ɗaga bindiga sama. Baba ya yi murmushi. Ya nuna mini wuyan hannun yaron, a miƙe sak, babu alamar nauyi. Ta gaske ta haura kilo huɗu, da ta rinjaye shi. Ya nuna zanen da ya ratsa tsakiyarta daga baki zuwa gindi, inda aka haɗa ɓari biyu na roba, da ƙyallinta iri ɗaya ko'ina, alhali ƙarfe da katako ba sa shan haske daidai. Babu ma zoben maratayi.

Sai ya daɗe yana kallon ƙanen da ke gefe, wanda ba a saya wa ta kanti ba, riƙe da tasa ta karan dawa da aka ɗaure da tsinken tsintsiya. Ya ce irinta ya fara riƙewa a duniya, ya tambaye ni ko zan bar masa hoton ya kwana a wajensa.