Tarken Littafin Burma Boy: Alƙalamin Bandele da Bakin Tsohon Soja

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1995, ina ɗan makarantar sakandare, na yi hutu wajen wani kawuna mai fataucin raguna a Alaba Rago, cikin yankin Ojo a Ikko. Kusa da turkensa akwai rumfar mai shayi, inda wani dattijo mai gadi kan zauna bayan sallar isha yana ba da labarin yaƙin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau. Yakan ce a gaɓar tekun Arakan sai su kwana bisa tudu, gari ya waye ruwa ya kewaye su, tudun ya zama tsibiri, ga abokan gaba a ƙetare, ga shi ɗan ƙauyen Katsina wanda bai san ruwan da ya fi tafki ba. Mu yara dariya muke yi. Dattijon ya rasu, ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa.

Wannan maƙala za ta auna ƙagaggen labarin Burma Boy na Biyi Bandele da ma'aunin wancan dattijo. Littafin da Ingilishi aka rubuta shi, amma tauraronsa namu ne, don haka yana da gurbi a wannan mujalla.

2.0 Marubuci da Tushen Labari

An haifi Bandele a Kafancan a 1967, ya rasu a Ikko a 2022. Mahaifinsa ya halarci yaƙin Bama, kuma labaran da ya ji a gida su ne tsaiwar littafin, wanda ya fito a 2007.

Runduna biyu ta Afirka ta Yamma, wato ta 81 da ta 82, su ne Ingila ta tura Bama don yaƙar Japan, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojan Nijeriya. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, ta 82 kuwa ta bi ta Arakan, suka haɗu wajen karɓe Myohaung a Janairun 1945, a watan da aka kama tsibirin Akyab aka kuma fara faɗan tsibirin Ramree. Amma Bandele bai bi waɗannan ba. Ya bi birged ta 3, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya, wadda aka ware aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, aka sauke ta da jiragen sama a bayan dagar Japanawa a 1944.

3.0 Jigo

Babban jigon littafin shi ne asarar ƙuruciya. Ali Banana yaro ne da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Ya tafi yana ɗokin yi wa Sarkin Ingila yaƙi, alhali bai san abin da ya haɗa Ingila da Japan ba. A sansanin White City, inda Japanawa ke kai hari dare bayan dare, ɗokin ya riƙa zubewa, har ya wayi gari abokansa sun ƙare, shi kuma hankalinsa ya taɓu.

White City ba tsibiri ba ne, tudu ne a tsakiyar daji. Sai dai marubucin ya zana shi tamkar tsibiri: waya mai ƙaya ta kewaye shi, abinci da harsashi daga sama ake jefo su, fita kuwa sayar da rai ne. A nan alƙalamin Bandele ya yi daidai da bakin dattijon Alaba Rago. Dukansu abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne kewayewa, mutum ya rasa hanyar gaba ya rasa ta baya.

4.0 Salo da Sarrafa Harshe

Ƙarfin littafin yana cikin raha. Sojojin suna zolayar juna, suna cika baki, suna jan labari ya yi tsawo kamar na 'yan kama, alhali mutuwa na shawagi a kansu. Wannan gaskiya ce ta adabin baka, domin tsohon soja ba ya fara labari da kuka. Da barkwanci yake jan mai sauraro, sai an saki jiki ya ambaci sunan wanda bai dawo ba. Haka nan marubucin ya bar kalmomin bariki irin su farabiti da samanja da janar yadda bakin Bahaushe ya tanƙwasa su, abin da ya ba labarin ƙanshin gida.

Duk da haka akwai rauni uku. Na farko, littafin ya buɗe da Wingate a Alƙahira a 1941, lokacin da ya yi yunƙurin kashe kansa. Babin ya tsaru, amma ya ba Bature zaure a gidan da aka gina don farabiti. Na biyu, wautar Ali Banana takan yi yawa, har mai karatu ya rasa ko tare da shi ake dariya ko shi ake yi wa. Wanda bai san Hausawa ba yana iya ɗaukar ƙuruciyar yaro ɗaya a matsayin halin al'umma. Na uku, wanda ya fi girma, labarin ya tsaya a daji. Ba mu ga dawowa gida ba, ba mu ga sallama daga soja ba, ba mu ga shekaru hamsin na gadi a bakin kasuwa ba. Dattijonmu kuwa rabin labarinsa a nan yake.

5.0 Kammalawa

Sa'adu Zungur ya tari waɗannan mazaje da waƙarsa ta Maraba da Soja, Isaac Fadoyebo kuma, wanda aka harba a gaɓar Kaladan a 1944, ya rubuta tarihin kansa da Ingilishi kafin rasuwarsa a 2012. Sunayen fagagen daga da na dakarun yaƙin suna nan a ƙofofin bariki: Myohaung da An a Yaba, Arakan a Apapa, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Muna wuce su kullum ba mu tambayar ma'anarsu.

Burma Boy littafi ne da ya cancanci a fassara shi zuwa Hausa, a mayar wa Ali Banana harshensa. Amma fassara ba za ta biya bashin da ke kanmu ba. Masu labarin kusan duk sun kwanta dama, sai dai 'ya'yansu da jikokinsu suna Agege da Sabon Gari da Fagge, riƙe da lambobin yabo da guntayen labari. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, ko marubucin da ke neman jigo, ya ɗauki rakoda ya je ya zauna da su tun ana iya samunsu.