Eliza Parsons da labarun ban-tsoro na Ingila

Eliza Parsons (1739-1811) ba ta kama alƙalami ba sai da ta kai shekara hamsin. Gobara ta cinye sana'ar mijinta a 1782, ya rasu ya bar ta da ƴaƴa, rubutu ya zama abincinta: littattafai kusan ashirin, da yawansu na ɗakunan hayar littafi.

Gaggawar tana bayyana a salonta. Jimlolinta dogaye ne, labari cikin labari, haɗuwar bazata ta yi yawa. Amma mu duba The Castle of Wolfenbach (1793). Gidan da ake cewa na fatalwa ne, ashe mace ce mai rai a ciki, wadda mijinta ya kulle shekara da shekaru. A ganinmu nan ƙarfinta yake: abin tsoron miji ne ko kawu, da rashin dukiya a hannun mace.

Jane Austen, cikin ba'a, ta lissafa littattafai bakwai a Northanger Abbey (1817); biyu na Parsons ne. An manta da su har aka zaci Austen ce ta ƙago sunayen, sai a ƙarni na 20 masu bincike suka tono littattafan.