Tsokaci a kan maimaici a cikin takardun neman ra'ayin abokan ciniki da Ingilishi

Mu ɗauki irin jimlar da kamfanoni kan aika wa abokan cinikinsu: «Please kindly reply back with your personal opinion on your past experience.» Maimaici iri biyu ne a cikinta, amma masu gyaran rubutu sukan yi musu kuɗin goro.

Na farko shi ne abin da ake kira «pléonasme» da Faransanci. Kalmar «reply» ta riga ta ƙunshi ma'anar «back». Ra'ayin mutum dama nasa ne. Abin da ya gani kuwa ya riga ya wuce. Wannan ya saɓa wa ƙa'idar Grice (1975), wadda ta hana a faɗi fiye da buƙata. Sokewa ta dace.

Na biyu, wato «please kindly», aikinsa ladabi ne. Kamar yadda Brown da Levinson (1987) suka nuna, roƙo nauyi ne da ake ɗora wa mai sauraro, dole a sassauta shi. Saboda haka a soke «kindly», a bar «please». In an cire duka biyun, roƙo ya koma umurni, alhali kamfani ba ya bin abokin ciniki bashin amsa.